Fayil Na Biyar

Ana gab da magariba Hafiza ta buɗe shagon yayanta Babandi da ke unguwar Sabo, da makullin da ta zare daga ƙarƙashin matashin uwarta. Kwanansa tara da rasuwa, ba a raba gado ba. An hana kowa taɓa kayansa, amma yaran yanzu ba sa jin hani.

Aikinta gina shafukan intanet a wani kamfani a unguwar Mokola. Ogan kamfanin ya ba ta wa'adi zuwa safiya ta saita manhajar da ke fitar wa kowane ma'aikaci fayil ɗin da zai buɗe aiki da shi a kwamfutarsa. Kwana uku tana kasawa. Ya ce in ta sake kasawa, ta nemi wani wurin. Babandi kuwa gwani ne, saitinsa na nan cikin kwamfutarsa.

Ta kunna, ta kwafi saitin cikin manhajarta, ta danna. Nan take aiki ya tashi. Abokan aikinta huɗu ne, amma fayil biyar suka fito. Na biyar da sunan Babandi.

Ta goge, ta sake dannawa. Ya dawo.

Janaretan maƙwabta ya mutu. Hayaniyar masu okada ta yi nisa. Ƙamshin turaren marigayin ya cika shagon, da warin ƙasa jiƙaƙƙiya a ƙarƙashinsa.

Kujerar bayanta ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Ƙanwata," aka raɗa da muryarsa, "tura wa kowa mana."

Babandi bai taɓa ce mata ƙanwata ba. Hafi yake cewa. Kuma matacce ba ya dawowa.

In ta tura, abin nan zai shiga gida huɗu.

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta.

Ta kama Ayatul Kursiyyu. Ta goge komai, har nata aikin na kwana uku.

Wani abu ya riƙe mayafinta.

Ta bar masa, ta fita da gudu ba takalmi.

Da safe ta gaya wa oga ta kasa, ya sallame ta a gaban kowa. Har yau mutum huɗun nan raguwa suke ɗaukarta. In ta gamu da su a Mokola, takan tsaya ta tambayi lafiyar yaransu, su ce lafiya ƙalau, ta wuce.