Jelani na Aji Huɗu

"Karo na uku ke nan, Murja," in ji Jelani, yana tsaye a inuwar dogonyaron ƙofar gidan su Murja a Mabera. "A sake ɗaga biki... har yaushe, abar ƙaunata?"

Ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta bar Baba? Malam Siddiƙu, tsohon malamin firamare, ba shi da kowa sai ita tun rasuwar mahaifiyarta. Sankarar mafitsara ta ci ƙarfinsa har ta kai ƙashin baya. Likita ya ce warkewa sai wani ikon Allah, amma ana iya sassauta masa: allura duk wata uku, maganin ruwa mai kwantar da raɗaɗi, da robar fitsari.

Robar ce matsalar. Baba ya hana ɗiyarsa ko kallonta. Maganin ma ya daina sha, don kada barci ya kwashe shi ya ɓata shimfiɗa ta gani. Sai ya juya fuska ga bango yana cizon leɓe.

Cikin kuka ta faɗa wa Jelani wannan duka. Ya hau babur ya tafi. Ta ɗauka shi ke nan.

Bayan kwana uku, da hantsi, sai ga shi da safar hannu da sabulu. Ashe asibiti ya je, wani ma'aikacin jinya ya koya masa yadda ake kula da robar.

Daga bayan labule ta ji muryar Baba a raunane.

"Tahi, ɗana. Wanga aiki ba na suruki ba ne."

"Ba suruki ne ya zo ba, Malam. Jelani ne na aji huɗu, wanda kwalba ta yanke a ƙafa, ka wanke, ka goya shi har gida."

Ta ji motsin Baba a kan shimfiɗa.

"Kai ne mai kukan nan?"

"Ni ne, Malam."

"To... rufe ƙofa."

Kwanakin da suka biyo baya kamar a mafarki Murja ta yi su. Baba ya koma shan magani a kan lokaci. Bayan azahar yakan yi barci mai daɗi, ya farka yana murmushi, wai ya ga mahaifiyarta a bakin gulbi sanye da zanen amarcinta. Tana dama kunu ta riƙa jiyo dariyarsu, shi da Jelani. In ya fito da hannun riga a jiƙe, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ba mai iya kallon wani, sai zuciyarta ta yi sanyi kamar randa.

Wata Laraba Baba ya kira ta, ya ce jibi za a ɗaura aure. Ta tambaye shi wa zai kula da shi. Ya ce ɗakin tsakar gida ai babu kowa ciki, sai su tare a nan, kuma shi da bakinsa zai ba da ita, tun yana iya zama.

Ranar Juma'a aka jingina shi da matasai a zaure. Murja na maƙale a bayan ƙyaure ta ji liman ya yi tambaya, ta ji muryar Baba siririya amma ba rawa:

"Na ba shi. Da ma nawa ne."

Wata biyar ya ƙara a duniya. Ranar da ya cika, Jelani ne ya yi masa wanka.