Saƙo Uku a Wayoyi Ɗari Biyu

Ranar da Abdulhadi ya fara shiga ofishin ƙungiyar manoman rani da ke gefen Tiga, sai da ya yi sallama sau biyu kafin aka amsa. Muryar ta fito daga bayan wani ƙaton littafi, sannan fuskar ta biyo baya. Yana ganinta ya manta duk jawabin da ya haddace a kan babur tun daga Kwanar Dangora.

Luba ce, sakatariyar ƙungiyar, kuma 'yar shugabanta Malam Inuwa. Ta dubi jakar kwamfutarsa, ta tambaye shi ko shi ne injiniyan da aka ce zai raba su da rigimar ruwa. Ya ce shi dai sunansa Abdulhadi. Ta ce to Injiniya, ga kujera. Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Rigimar kuwa tsohuwa ce. Manoma sama da ɗari biyu ne a kan kanal ɗaya, wato magudanar ban-ruwa, kowa da ranarsa da awanninsa. Idan aka canja layin ruwa, sai labari ya maƙale a hanya. Mutum ya zo da sassafe ya tarar an rufe ƙofar ruwa, tumatirinsa ya yi yaushi, daga nan sai cacar baki, wani lokaci har da ɗaga fartanya.

Abdulhadi ya yi mata bayanin abin da zai gina. Ya ce shafin intanet na yau da kullum sai ka tambaye shi sannan ya ba ka labari. Shi kuwa wannan, layi ne zai zauna a buɗe tsakanin wayar kowane manomi da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da saƙonni. Da zarar an rubuta sanarwa a ofis, kafin a ɗauke yatsa ta isa kowace waya.

Luba ta ce ta ji, amma ya sani akwai gonakin da sai an hau tudu ake samun netwok. Ya shafe kwana huɗu yana gyara yadda waya za ta sake haɗa kanta idan layi ya yanke, ta kwaso abin da ya wuce ta. Ya kawo mata. Ta ce rubutun ya yi ƙanana, dattawa ba za su gani ba. Ya ƙara girma. Ta ce a sa launi, kore idan ƙofa a buɗe take. Ya sa. Ba ta taɓa yaba aikinsa kai tsaye ba, amma kullum ya zo sai ya tarar da kofin kunun aya a gefen tebur.

Shi kuma bawan Allah, in dai maganar manhaja ce bakinsa ba ya gajiya. Da zarar ta ɗago ido ta dube shi, sai ya koma neman cazarsa a jaka.

To, ga inda matsalar take. Manhajar tana da wuri biyu: ɗakin gwaji, wanda shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki, da kuma na gaske, wanda ke haɗe da wayoyin manoma. Abin da ya raba su layi ɗaya ne tak a fayil ɗin saiti, inda ake rubuta adireshin sabar da za a yi magana da ita. Masu irin wannan aiki in za su gwada, "ɗaya, biyu, uku" suke rubutawa. Abdulhadi kuwa ya tsiri wata ɗabi'a. Duk abin da ya kasa faɗa wa Luba, a ɗakin gwaji yake zuba shi. Ya rubuta, ya ga ya fito a wayarsa nan take, ya yi murmushi, ya goge.

Wata Alhamis da safe Luba ta kira shi ta ce sanarwa ba ta isa ga manoman ƙarshen kanal ba. Ya mayar da adireshin zuwa sabar gaske, ya gano matsalar, ya gyara. Sai ga wani ya shigo shagonsa na gyaran waya da ke Kwanar Dangora da waya a lalace. Ya tashi ya bar fayil ɗin yadda yake.

Bayan la'asar ya zauna gwada wani sabon gyara. Ya rubuta:

"Luba, yau ma na zo zan faɗa miki na kasa. Ina sonki tun ranar da kika ce ga kujera."

Ya ga ya fito. Ya ƙara:

"Kunun ayarki ya fi na Innata daɗi, amma kada ki faɗa mata."

Sannan na uku:

"Baba Inuwa yana ba ni tsoro. In ya dube ni ta saman tabarau sai gwiwata ta yi sanyi."

A daidai lokacin, a ƙofar masallacin da ke kusa da kanal, mutane na saka takalma. Wayoyi suka ɗau ƙara gaba ɗaya. Malam Inuwa ya bar tabarau ɗinsa a gida, sai ya miƙa wayar ga Mudi, mai injinan ban-ruwa, ya ce ya karanta wa jama'a da ƙarfi, ƙila layin gobe ne aka canja. Mudi kuwa ya daɗe yana aika wa Luba gaisuwa tana share shi. Ya karanta na farko. Da ya ga inda maganar ta dosa bai tsaya ba, sai ma ya gyara murya, ya karanta duka ukun, har da jan suna.

Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Malam Inuwa ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya wuce gida.

A Kwanar Dangora, Abdulhadi ya kai hannu zai goge kamar kullum, sai idonsa ya faɗa kan lambar da ke ƙasan allo. Ya saba ganin "an karɓa: 1". Yau 163 ya gani, kuma tana ta hawa. Ya fizge wayar wutar kwamfutar daga bango, abin da ba shi da wani amfani. Kafin magariba waɗanda ke gonakin da ba netwok su ma sun dawo gari, wayoyinsu suka haɗa kansu suka kwaso abin da ya wuce su, daidai yadda ya tsara. Aikinsa bai taɓa yin kyau kamar ranar ba.

Kwana uku bai buɗe shago ba. Kunya ta hana shi ko zuwa sayen ƙosai. Abin da ya fi cinsa ba dariyar da ake masa ba ce, labarin da ya ji ne. Malam Inuwa ya hana Luba zuwa ofis. Ana ta faɗa a gari cewa da ma soyayya suke a ɓoye, aikin ƙungiya fakewa ce kawai. Yarinyar da ba ta taɓa jin kalmar so ko ɗaya daga bakinsa ba, ita ake nunawa a hanyar Islamiyya. Mudi kuma har ya tura manya, wai shi a shirye yake ya rufa wa gidan asiri.

Kawun Abdulhadi, Ubale, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya taso daga Tudun Wada ya same shi a ɗaki. Ya ba shi shawarar ya ce 'yan damfarar intanet ne suka shiga na'urar suka rubuta. Ya ce wa zai iya ƙaryata shi a cikin manoman nan? Shawarar kuwa ta shige Abdulhadi.

Yana cikin juya ta saƙon Luba ya shigo, na farko tun ranar.

"Injiniya. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da gangan ka yi don ka tilasta Baba?"

Ya amsa:

"Wallahi a'a. Na manta ban mayar da saiti ɗakin gwaji ba. Na zubar miki da mutunci, ban san da wane ido zan dube ki ba. Ki yafe mini."

Sai ta rubuto:

"An ce za ka ce ba kai ka rubuta ba."

"Ni na rubuta. Aikawar ce ban yi niyya ba."

"Sau nawa ka rubuta irinsu?"

"Wata biyu. Kullum."

"Wata biyu kana faɗa wa kwamfuta, ni ina zaune a gabanka ina dama maka kunu. Na yi kuka kwana uku, Injiniya. Ba don abin da ka ce ba, don kowa ya riga ni ji. Asabar akwai taron ƙungiya. In ka isa, ka zo."

Ranar Asabar ya zo. Ya ajiye babur nesa, ya taka da ƙafa zuwa ƙarƙashin darbejiyar ofis inda manoma suka cika tabarmi. Wani daga baya ya tambaye shi ko gwiwar ta warke, aka yi dariya. Ya durƙusa gaban Malam Inuwa ya gaishe shi, aka amsa a taƙaice.

Ya nemi izinin magana. Ya fara da abin da ya iya. Ya buɗe kwamfuta ya nuna wa dattawa layin nan ɗaya da ya jawo komai. Ya buɗe tarihin saƙonni da saba ke ajiyewa, da rana da lokaci, ya roƙi limamin unguwa ya duba da kansa. Liman ya bi layi-layi, ya ce duk abin da Luba ta taɓa rubutawa a nan maganar ruwa ce da ƙofa.

Sannan Abdulhadi ya rufe kwamfutar.

"Baba, ba wanda ya shiga na'urar nan. Ni ne. Luba ba ta san komai ba, ban taɓa furta mata ba, tsoro ya hana ni. In akwai wanda za a nuna da yatsa, ga ni. Ku cire ni daga aikin in kun so, amma ku bar ta ta dawo teburinta."

Mudi ya fara cewa ai abin da ya ɓaci ya riga ya ɓaci, sai Malam Inuwa ya juyo ya tambaye shi, da ya ga saƙon farko ba na ruwa ba ne, me ya hana shi tsayawa? Mudi ya dubi ƙasa.

Malam Inuwa ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dubi Abdulhadi ta samansa.

"Yaro, abin da ya ɓata mini rai shi ne, ka sanar da mutum ɗari biyu, uban yarinya kuwa sai a bakin wani ya ji. Ba ka da manya ne?"

"Ina da su, Baba."

"To su ba su san hanyar gidana ba?"

Malam Inuwa bai yanke magana a ranar ba, kuma bai sauƙaƙa ba. Ya ce sai an gyara na'ura tukuna. Abdulhadi ya yi mako biyu a kai. Ya raba makullan gwaji da na gaske, ta yadda kwamfutarsa ba za ta iya magana da wayoyin manoma ba ko da ya manta. Ya sa jan layi mai faɗi a saman allon gaske. Ya kuma ƙara abu ɗaya da ba a tambaye shi ba: babu sanarwar da za ta fita sai ta tsaya a wayar shugaba ya danna amincewa.

Luba ta dawo ofis. Ranar farko ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Kofin kunun dai yana wurinsa. Da Abdulhadi zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya faɗa mata da bakinsa. Kalma uku ce kawai, ya yi tuntuɓe a kan biyu. Ta rufe fuska da mayafi ta ce ta ji, kuma wannan karon ita kaɗai ta ji.

Malam Inuwa ya kira 'yarsa gaban mahaifiyarta ya tambaye ta tsakanin masu nema biyu. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce wanda ya durƙusa a taro. Kawu Ubale ya zo da goro da dattawa uku, yana ta cewa shi da ma ya san gaskiya ita ce mafita. Abdulhadi bai tona shi ba.

Bayan an kwashe albasa aka sa rana. Ana saura mako guda, Malam Inuwa ya shigo ofis ya ce wa Luba ta rubuta sanarwa. Ta rubuta tana ɓoye fuska. Abdulhadi ya dubi jan layin da ke saman allo, ya ce Baba, wannan fa na gaske ne, kowa zai gani.

Malam Inuwa ya ce ya sani. Ya ciro wayarsa, ya gyara tabarau, ya karanta da kansa a hankali:

"Ana gayyatar 'yan ƙungiya ɗaurin auren Lubabatu Inuwa da Abdulhadi, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Layin ruwa yana nan yadda yake."

Ya ɗora babban yatsansa ya danna. A ƙasan allo lambar ta fara hawa, goma, saba'in, ɗari da hamsin. Abdulhadi ya tsaya yana kallonta, wannan karon bai nemi fizge wayar wuta daga bango ba.

Ranar Juma'a manoman ƙarshen kanal ne suka fara isowa, da kwandunan tumatir a bayan babura. Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Malam Inuwa ya riƙe hannun angon ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kuma sa daga yau duk abin da zai faɗa wa matarsa ya tsaya a tsakaninsu su biyu.

Mutum ɗari biyu suka amsa da amin.