Ƙurar Shuɗin Alli

Mai Zane ya sha bugun ƙirji cewa kaf garin babu mai hannunsa. Da allin launi yake zana fuskoki, a murza da ɗan yatsa har kumatu su yi kamar za su motsa, a hure ƙurar, ya sa sunansa a ƙasa. Ko aljani, in ji shi, in zai zauna masa, sai ya zana shi har haƙora.

Wata magariba, gida ya yi tsit, sai dutse ya faɗo kan kwano. Wani dutsen ya tarwatsa gilashin ɗakin zane. Wani ya fasa wa matarsa goshi. Gogan ya shige bayan ƙofa, wai sanda yake nema.

Can sai ga 'yarsa Auta ta fito daga ɗakin, yatsu duk shuɗi, idanu sun juye. Da hannu ɗaya ta ɗaga uban ta maka da bango. Maƙwabta suka taru a kanta, ta watsar da su kamar tsumma, ta shiga gwara kanta da ƙasa, jini na bin hanci.

Aka ɗauko malam. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce ɗansu na zaune a taga aka hure masa shuɗin alli a ido, babu ko bisimilla, don haka ran yarinya ne diyya.

Malam ya ce ai zalunci ne, uba ya yi zane a kama 'ya.

Muryar ta tuntsire da dariya. "Wannan? Tun da idonsa ya dushe, sa hannu kawai ya iya. Mu mai hurawa muka kama."

Aka yi ta ciniki, malam na karatu, muryar na ihu, har aka daidaita: a riƙa bisimilla kafin hura, kuma mai sunan ƙarya ya goge shi yanzu, in ba haka ba wuyan yarinyar zai karye.

Mai Zane ya rarrafa, ya tofa yawu a yatsa, ya bi hotunan yana gogewa, maƙwabtan da suka sha sayen aikinsa na kallo. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido.

Matarsa, riƙe da goshi, ta ce, "Baban Auta, ka ga, gogewar dai hannunka ne."