Kwano a Ƙarƙashin Benen Alhaji Dabo

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa. Ina cikin waɗanda suka yaɗa saƙon muryar nan mai cewa bam ne ya kayar da benen Alhaji Dabo. Zaure bakwai na tura wa a waya, ban ma saurare shi har ƙarshe ba. Shekara ashirin da huɗu ina koya wa yaran firamare su yi tambaya kafin su yarda, da aka zo kaina yatsana ya riga hankalina. To, labarin ba nawa ba ne, na Khaulat ne.

Benen hawa biyar ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gezawa da Zakirai, inda kafin shi babu abin da ya fi rimin bakin kasuwa tsayi. Ranar wata Juma'a bayan an cire gyaɗa, ana tsakiyar huɗuba, ya zauna ƙasa gaba ɗaya. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki.

Washegari Khaulat, 'yar Alhaji ta uku, ta sauko daga Kano, inda ta gama karatun injiniyan gini tana jiran bautar ƙasa. Ko gida ba ta shiga ba ta wuce wurin. Ta tsuguna cikin ɓaraguzai, ta ɗauki guntun kankare ta murza, ya rududduge a hannunta kamar busasshen ƙuli.

"Malama, ƙafarki na kan dawarmu."

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne yana jan rodi daga cikin gona, ƙura har gira.

"Bene guda na kan dawarku, ƙafata ce ta dame ka?"

"Benen ba ya jin magana. Ni ne Uzairu, ɗan Baba Madu, wanda aka ce ya sa muku bam. Na faɗa miki da wuri don kada ki yi asarar murmushi."

"Wa ya ce maka zan yi murmushi?"

Ba ta yi ba. Amma ta lura da yadda yake tayar da karan dawa ɗaya bayan ɗaya yana tokare su, kamar masu jin ciwo.

Kakan Uzairu daga Barno ya zo, tun kafin a haifi Alhaji Dabo. A nan aka binne shi. Amma a ranar da benen ya faɗi sai kowa ya tuna su baƙi ne. An tuna Baba Madu ya taɓa rigima da Alhaji a kan iyakar gona. An tuna ranar bai zo masallaci ba, aka manta gwiwa ce ta hana shi tun sati biyu. An ji ƙara sau uku, an ga ƙura na fesowa ta tagogi, gini kuma ya sauka a miƙe. Me ya rage?

Wanda ya fi kowa iya jera waɗannan shi ne Sabo, ɗan kwangilar da ya yi ginin, wanda kuma ya daɗe yana aika wa Khaulat gaisuwa ta bakin mahaifinta. Yakan zauna a majalisa ya kunna hoton dogayen benayen Amurka suna rushewa.

"Ku duba da kyau. Iri ɗaya sak! Can ma dasa musu aka yi. Gini ba ya faɗuwa haka da kansa."

Muna gyaɗa kai. Ni har da cewa "Tabbas."

Hukuma ta turo kwamitin injiniyoyi daga birni. Kwana tara suna auna rodi, suna ɗibar kankare, suna haƙa a ƙarƙashin ginshiƙai. Khaulat na biye da su da littafinta. Uzairu kuma kullum yana gonarsa, wadda ta zama ba ta da aiki sai a gefen da ke kallon ɓaraguzai. Rana ta huɗu ya miƙo mata rake ta saman shinge. Ta ce ba ta sha. Rana ta biyar ta karɓa, ta ce don kada ya lalace. Rana ta shida lambar waya ta bi ta kan shingen, da dare ya turo mata saƙo.

"Injiniya, yau kin tsaya a rana har azahar. Idan kika faɗi ke ma mu za a ce."

"Manomi, ka ji da dawarka. Na sha ruwa."

"Tambaya nake da ita, ki ba ni amsa tsakani da Allah. Ke ma kin yarda Babana ne?"

Ta rubuta masa.

"Ban yarda da komai ba tukuna. Amma kankaren da na murza da yatsa biyu ba ya buƙatar bam."

"Wannan ce magana mafi daɗi da aka taɓa faɗa mini."

"To lallai ba a faɗa maka magana mai daɗi."

A ƙauye irin namu, inda gona ke jingine da gona, shinge ba ya ɓoye komai. Kafin kwamiti ya tafi zance ya kai kunnen Alhaji. Ya kira ta zaure bayan la'asar.

"Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki tsaya da shi sai ɗan mutumin da ya kassara ni?"

"Abba, ba a gama bincike ba."

"Ni na gama nawa. Sabo ya yi mini bayani."

"Abba, Sabo ne ya yi ginin."

"Shi ya sa ya fi kowa sanin sa! Na kai ki makaranta ki dawo ki koya mini magana? In na ƙara jin sunan yaron nan a bakinki, ni da ke ne."

Bayan wata guda rahoto ya fito, shafi talatin da takwas. Alhaji ya jefa nasa a kan firji. Khaulat ta ɗauka ta karanta har ƙarshe.

Babu alamar abin fashewa a ko ɗaya daga cikin samfuran da aka gwada. Ginshiƙan an zana su ne don hawa biyu, aka ɗora musu biyar. Simintin ya yi kaɗan. Kusurwar gabas tana kan tsohon kududdufi da aka cike da juji. Ƙarar da aka ji kuwa ginshiƙai ne ke karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙurar tagogi kuma iska ce da kowane hawa ya matso da ya faɗo kan na ƙasa. Sai shafi na talatin da ɗaya: sati biyu kafin rushewar an jibge buhunan gyaɗa a hawa na huɗu har rufi. Alhaji ne ya sa a kai su can, gudun gara da laima, kamar yadda ubansa ke ɗaga rumbu a kan duwatsu.

Ta ɗauki hoton shafukan ta tura wa Uzairu.

"Babanka ya fita. Nawa ya shiga. Don Allah ka riƙe a wurinka, ka ba ni kwana biyu in lallaɓa shi."

Kwana ɗaya ya iya. Da safe aka jefi ƙanwarsa Amsa da hoge a bakin famfo ana kiran ta 'yar mai bam, kafin azahar shafi na talatin da ɗaya yana cikin zauren garin na waya, an zagaye buhunan da jan layi. Khaulat ta kira shi.

"Amana na ba ka, Uzairu."

"Goshin Amsa ya fashe, Khaulat. Ɗinki huɗu."

"Da ka faɗa mini. Yanzu ka tozarta mahaifina a gaban yaran da yake ba wa sadaka, kana ganin zai ƙara saurarar kowa?"

"Mu wata biyu ana tozarta mu."

"To ka ci nasara. Kada ka ƙara kira na."

Gaskiyarta. Alhaji ya ƙara hawa. Aka ce an sayi kwamiti. Aka ce Barebari suna da mutane a birni. Sabo kuwa, da ya ga zancen bam ya fara sanyi, sai ya buɗe rahoton da kansa, ya tsallake rubutu ya tafi hotuna. A shafi na sha tara akwai abubuwan da aka tono a ƙarƙashin ginshiƙin gabas: fasassun tukwane, tsummokara, da wani tsohon kwanon samira mai jan zane a gindi, ɗigo uku da layi ɗaya.

"Ga shi nan!" in ji Sabo a majalisa. "Su da kansu suka tono. Hatimi ne wannan, irin na mutanen gabas. Binne shi aka yi."

Wani ya tambaya, to bam ne ko asiri? Sabo ya ce duka biyun. Muka sake gyaɗa kai.

Samari suka fara zancen ƙona rumbunan Baba Madu. Dagaci ya sa rana, ya ce a zo ƙofar gidansa ranar Talata da hantsi. Kowa ya san abin da za a yanke: Baba Madu ya girbe dawarsa ya bar garin.

Khaulat ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Tana fushi da Uzairu, fushin kuma ya ƙi yi mata daɗi. Ran Litinin ta shiga ɗakin kakarta Hajiya Sa'adiyya, mahaifiyar Alhaji, ta zauna a ƙasa tana kallon hoton kwanon a waya.

"Ke kuma wa ya mutu? Ko mijin nawa ne ya ƙi ki?" in ji tsohuwar. "Miƙo mini kwanon furar can."

Ta miƙa hannu ta ɗauko. Da ta ɗaga shi sai idonta ya faɗa kan gindinsa. Ɗigo uku, layi ɗaya, da jan fenti.

"Hajiya, wannan zanen na mene ne?"

"Shaidata mana. Ku 'yan zamani ba ku san komai ba. Da can in an yi biki kwanukan gari ake haɗawa, in ba ki yi wa naki shaida ba ya tafi ke nan. Tun ina amarya nake da ita."

Khaulat ta matso mata da wayar. Tsohuwa ta ƙanƙance ido, ta daɗe, sai ta tafa hannu.

"La ilaha! Ina aka samo shi?"

Ranar Talata ƙofar dagaci ta cika. Baba Madu na zaune a gefe da sandarsa, Uzairu a tsaye a bayansa, babu wanda ya zauna kusa da su. An ajiye tsohon kwanon a tsakiya a kan buhu, kowa na kewaye shi. Sabo na cikin bayanin ma'anar ɗigo na biyu sai ga Khaulat riƙe da hannun kakarta.

Alhaji ya miƙe. "Inna, me ya fito da ke?"

"Kwanona na zo gani." Ta sa sandarta ta kife shi, ta ajiye na furar kusa da shi. "Dabo, ka san shi? A cikinsa nake dama maka koko. Kai ka huda shi da ƙusa, na zane ka, na jefa shi kududdufi. Nan ne inda ka je ka kafa benenka. Na ce maka ramin nan ya ci jaki sukutum, ka ce injiniya Sabo ya duba."

Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari.

"In asiri ne," in ji ta, "to ni ce mai shi. A kore ni."

Dagaci ya dubi Khaulat ya ce tunda ita ta yi karatun, ta faɗa musu abin da takardar ta ce da Hausa. Ta durƙusa ta faɗa, tun daga kududdufi har ƙarar nan uku. Wani ya ce to na Amurka fa? Ta ce su ma an yi bincike na shekaru, aka samu jirage sun illata ginshiƙai, wuta ta raunana ƙarfen da ya rage, hawan sama suka danno na ƙasa. Da ta zo kan buhuna sai mahaifinta ya riga ta.

"Gyaɗar tawa ce," in ji Alhaji, yana kallon ƙasa. "Ni na sa aka hau da ita." Ya juya. "Madu, ka yafe mini."

Baba Madu ya ce, "Ka je ka duba goshin Amsa tukuna."

Ya je, a ranar. Sabo dai ba a san lokacin da ya sulale ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Khaulat.

"Injiniya, na ci amanarki, ban da hujja. Ki hukunta ni yadda kika ga dama, amma kada ki ce in daina kira."

"Ban huce ba."

"Zan jira. Na iya jiran damina."

"Manomina, ka turo manya kafin Hajiya ta canja ra'ayi. Ita ke mulki a gidan yanzu."

Bayan an kai dawa gida aka ɗaura aure a masallacin Juma'a. Alhaji da kansa ya ba da ita, ya riƙe hannun Uzairu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai faɗin gaskiya ko da a kan iyayenta ne. Baba Madu ya ce amin har sau uku. Hajiya Sa'adiyya ta ba wa amarya kwanuka goma sha biyu, kowanne da ɗigo uku da layi a gindi. Ni ma na je, na ci shinkafa, na yi wa Baba Madu doguwar gaisuwa wadda ya gane ma'anarta. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki.

Watan jiya Alhaji ya fara haƙa sabon tushe a nan inda wancan ya faɗi. Sabo ne ɗan kwangilar.