Randar Da Umma Ta Fara

"Ke dai ki faɗa mini gaskiya, Auta... kina so na ko ba kya so na?"

Auta ba ta ɗago kai ba. Zagaya randar take yi da baya-baya, hannunta na hagu a ciki riƙe da dutse mai santsi, na dama a waje yana bugun yumɓun da guntun katako. Randar ta kai mata ƙirji, ta wuce girman da za a juya ta, sai dai mai ginin ta yi ta zagayawa.

"Dogo, ka matsa, kana tare mini haske."

"Haske! Ina maki maganar rayuwarmu kina mini maganar haske!"

Dogo direban babbar mota ne, shi ke kwasar tukwanen gidan su Auta zuwa kasuwa tun tana ƴar ɗaukar ruwa da kwaɓa laka. A wajen lodin tuluna suka saba, har sabon ya zama abin da kowa a layin ya sani. Yanzu ga shi ya sami aiki a wani kamfani a gari mai nisa, har da gidan zama, yana so a ɗaura masu aure su tafi tare.

"Na faɗa maka ba zan iya ba," in ji ta.

"Ai Umma ma..."

"Kar ka sa Umma a cikin maganar nan!" Ta jefar da katakon. "Ka ga inda ta faɗi? Nan ne, dab da ƙafarka! In na tafi wa zai ɗaga ta? Wa zai yi mata wanka? Kai ka tafi, Allah ya sa albarka a aikin. Ni ina nan."

Ya ja da baya. Sannan ya ce a hankali, "Shi ke nan, zuciyata," ya sunkuya ya fice daga rumfar.

Sai da ta ji ƙarar motar ta yi nisa, ta durƙusa a gindin randar ta yi kuka mai isarta.

Wannan randa Umma ce ta fara ta. Ta ce za ta gina wadda ba ta taɓa gina irinta ba. Ta daka tsingaron fasassun tukwane ta tankaɗe, ta cuɗa shi da yumɓu don kada wuta ta tsaga shi, ta tattaka da ƙafarta har ya yi laushi. Ta kai ginin rabi ke nan, wata safiya ta yanke jiki ta faɗi. Daga asibiti aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar.

Duk tsawon jinyar, Auta ba ta bar bakin randar ya bushe ba. Kullum sai ta gudo gida ta jiƙa buhuna ta lulluɓe shi. Da suka dawo, ta murza yumɓu dogo-dogo kamar igiya, ta ɗora daga inda hannun Umma ya tsaya, ta ci gaba.

Kwanaki suka yi ta wucewa, babu Dogo babu motarsa.

Auta ta gama wuyan randar, ta lanƙwasa bakinta da jiƙaƙƙen tsumma. Ta bar ta a inuwa ta sha iska a hankali, ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge da dutse har tana ɗaukar ido. Da rana takan tafi tara kara da busasshen itace, ta dawo ta tarar da Umma a kujerarta ta bakin ƙofa, tana kallon hanya.

Wani lokaci takan ga laka a faratan Umma na hagu.

"Umma, me kika taɓa?"

"Hannu ne... ya yi ƙaiƙayi."

Ba ta faɗa wa Umma abin da ya faru tsakaninta da Dogo ba. Umma ma ba ta tambaya ba.

Ranar gasa randar ta zo. Tun da safe Auta ta share ramin da ke bayan gida, ta shimfiɗa itace a ƙasansa. Ta hura ɗan garwashi a cikin randar don ragowar danshin ya fita. Sai ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ita kaɗai ba za ta iya ɗaga wannan uwar randa ba, maƙwabta kuma duk sun fita aiki. Karan da ta tara ma da ganinsa ba zai isa ba.

Tana cikin wannan tunani ta ji hon ɗin da ko a cikin barci ta san shi.

Ta waiga da sauri. Motar ta shigo da baya, an cika ta da kara da ciyawa har sama. Dogo ya diro yana naɗe hannun riga, bai ko kalle ta ba.

"Me ya kawo ka?"

"Umma ce ta kira ni. Ba wajenki na zo ba."

"To madalla."

"Madalla ɗin. Kama can, in kama nan."

Suka ɗora randar a kan buhu, suka ɗauke ta suna tafiya kamar masu taka ƙwai.

"A hankali mana! Ba buhun siminti ba ne!"

"Ni da nake ɗaukar kayanku shekara da shekaru, yau za ki koya mini?"

"Ka manta tulun da ka fasa ranar farko?"

"Ke kika kalle ni, shi ya sa!"

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne.

Suka kwantar da randar a tsakiyar rami, suka jera ƙananan tukwane kewaye da ita, suka rufe da tsingaro. Auta ta shiga ciki ɗauko ashana, kafin ta fito Dogo ya riga ya fara lafta kara. Ya ɗauko Umma da kujerarta ya ajiye ta a inuwa, inda hayaƙi ba zai same ta ba.

Umma ta ɗaga hannun hagu ta ji iska, ta gyaɗa kai. Auta ta ƙyasta ashana.

Wuta ta tashi ta ko'ina tana huci. Su biyun suna zagaya ramin, duk inda ya nemi buɗewa sai su cusa ciyawa da dogon sanda. Zufa ta wanke su, idanunsu suka yi ja. Komai na tafiya daidai...

Sai ji suka yi, *tas!* Wani abu ya fashe a tsakiyar wutar, tartsatsi ya yi sama.

Sandan ya suɓuce daga hannun Auta.

"Wayyo Allah! Ta fashe... Umma, ta fashe! A mahaɗar ne, na sani, inda na ɗora a kan naki!"

Ta yi kan ramin kamar za ta faɗa ciki. Dogo ya fizgo ta baya.

"Kin yi hauka ne? Wuta ce fa!"

"Sake ni! Aikinta na ƙarshe ne, Dogo! Ni na lalata shi!"

Bai sake ta ba sai da jikinta ya yi sanyi. Fuskarsa ta canza, ya ƙura wa inda tartsatsin ya tashi ido. Ba yadda za a yi a duba, rami ba ya buɗuwa sai ya huce, sai gobe.

Da la'asar wutar ta kwanta, sai jan garwashi a ƙarƙashin toka. Auta ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da gwiwar Umma.

"Ki yafe mini, Umma."

Hannun hagun ya sauka a kanta.

"Randa ce... ba mutum ba." Umma ta huta, ta tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Laifinki... wani ne daban."

Auta ta ɗago da sauri.

"Kin kori yaron nan... saboda ni. Kin taɓa... tambayata?"

"Tambayar me, Umma?"

"Ko zan tafi."

"Ki tafi ina? Nan ne gidanki! Nan kika zauna da Abba har ya rasu, ga rumfarki, ga raminki..."

"Na gaji... da kallon ƙofar nan." Umma ta nuna motar da haɓa. "Tukwanena... sun zaga duniya a cikinta. Ni ko sau ɗaya... ban hau ba."

Auta ta juya ta kalli Dogo. Yana tsugune a gefe yana wasa da tsinke, kamar ba da shi ake ba.

"Kai, yi magana mana!"

"Yanzu an yarda in yi?" Ya yar da tsinken. "Ranar da kika kore ni, garin na wuce. Gidan yana da ɗaki a ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Akwai asibiti kusa, inda ake koya wa masu irin ciwon Umma motsa jiki. Bayan gidan fili ne, rami goma ma sai ki haƙa. Na je bakin kogin can na ɗebo yumɓu a buhu, na kawo wa Umma ta duba. In kin fita neman kara nake zuwa."

"Ita ce lakar da nake gani a hannunta!"

"Har ɗanɗanawa ta yi."

"Kuka haɗa baki ke nan, ku biyu?"

"Ke da ba kya bari mutum ya kai ƙarshen magana, masoyiyata, ya za mu yi?"

Auta ta rufe fuska da tafin hannu. Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya fara sauka daga ƙirjinta, amma bai gama ba.

"A bari a buɗe rami tukuna," ta ce. "Yau ba zan iya tunanin komai ba."

Gari na wayewa suka hallara su uku. Tokar ta huce, sai ɗumi-ɗumi. Auta ta fara janye tsingaro. Kafaɗar randar ta bayyana, ja jawur, da baƙin tabo mai kyau inda harshen wuta ya lashe ta. Ta ci gaba da sharewa, ta bi cikin randar da yatsa har mahaɗar, ta zagaye ta kaf.

Babu tsaga ko ta silin gashi.

"Buga," in ji Umma.

Auta ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Randar ta amsa da sauti garau, mai tsawo, har sai da ya daɗe yana yawo a cikinta.

"Lafiyarta ƙalau! Umma, lafiyarta ƙalau!" Ta zube a bakin ramin tana dariya tana hawaye. "Alhamdulillahi! To me ya fashe jiya?"

Ta tona gefe, ta zaro wasu gutsattsari masu kauri kamar bulo, karkatattu, ga shatin manyan yatsu a jikinsu.

"Wannan kuma aikin wa ne? Ko makaho ba zai gina wannan ba!"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Tulu ne... wai na gina maki. Da kika shiga ɗauko ashana na cusa shi."

"Tulu? Wannan? Ka bar shi ya bushe ma kuwa?"

"Na ga kamar ya bushe..."

"Kuma ka bar ni na kwana ina kuka!"

"Wallahi ban tabbata shi ne ba! Na ji tsoron in sa maki rai..."

Wani sauti ya katse su. Umma ce ke dariya, bakinta a karkace, kafaɗarta na girgiza, hawaye na bin kumatunta. Tun ranar da ta faɗi Auta ba ta ji wannan dariyar ba.

"Na ce masa... ya yi kauri," in ji Umma tana share ido. "Duba... akwai nawa."

A ƙarƙashin toka Auta ta sami wani ɗan kasko, ƙarami, gefensa ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Da yumɓun garin can Umma ta gina shi, da hannun hagu kaɗai, Dogo ya cusa shi tare da tulunsa. Ta miƙa wa Umma. Umma ta ɗora shi a cinya ta ɗalle shi da farce, ta kasa kunne.

"Ƙasar... tana da kyau."

Auta ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ta je gaban Dogo ta tsaya, fuskarta duk toka.

"Tambayar da ka yi mini rannan..."

"Ina ji."

"Ina son ka, Dogo. Tun kafin ka fasa tulun farko. Amma da sharaɗi."

"Faɗi, ko mene ne!"

"Kar ka ƙara taɓa mini yumɓu."

Bayan ƴan makonni aka ɗaura aure. Ranar tafiya aka loda kaya a bayan mota, maƙwabta suka cika layin suna ta addu'a. Dogo ya ɗauki Umma cak ya zaunar da ita a gaba kusa da taga, Auta a tsakiya.

Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami, yana satar kallon amaryarsa. Suka fita gari, hanya ta miƙe. Umma ta sa aka sauke mata gilashi, iska ta yi ta kaɗa ɗankwalinta. Ta daɗe tana kallon gonaki suna wucewa, sannan ta juyo ta harari surukinta.

"Wannan ne... tuƙin naka? Kai yaro... ba ta wuta mana!"