Baƙar Ƙafa da Rawaya

Ranar da Gi-tae ya fara ganin Da-som, ba wurinsa ta nufa ba. Tare da matan ƙauye ta nutsa, masu tsinto katantanwa a ƙasan tekun tsibirin Jeju, sai ta ɓullo can nesa da su, a gefen kwalekwalensa, tana irin fiton nan da masu nutso ke yi in sun taso shan iska.

"Baƙuwar ruwa, ɓatan hanya aka yi?" in ji shi.

"Kai dai ka ajiye kwalekwale a kan hanyata."

Shi Gi-tae sana'arsa ba baƙi hayar kayan nutso. Ita kuwa ƙafarta ta hagu ta taɓa karyewa tun tana yarinya. A tudu ba mai ganewa, amma a ruwa ta dama ke rinjaye, sai ta riƙa tafiya a karkace. Tun ran nan ya raɗa mata suna Ƙaguwa, ita kuma ta amsa da murmushi.

Kullum da la'asar yakan baje mata takalman iyo a kan dutse, waɗanda muke kira ƙafar agwagwa. Ga dogo, ga gajere, ga mai tauri kamar katako, ga wani mai tsaga a tsakiya sai ka ce wutsiyar kifi.

"Mai tsagar nan fa, Yaya?"

"Na 'yan yawon buɗe ido ne. In igiyar ruwa ta taso ba ya turawa."

"Mai taurin?"

"Zai cinye miki cinya kafin ki kai ƙasa. Gwada rawayan nan, dogo ne amma da laushi."

Rawayan ya yi wa ƙafar hagu daɗi, ko da yake karkacewar ba ta bari gaba ɗaya ba. Ya ce ta tafi da su, kyauta. Ta rungume su zuwa gida kamar an ba ta jariri.

Mahaifiyarta Ok-bun, shugabar masu nutso, tana ganinsu ta ajiye wuƙar da take fere da ita.

"Takalmi ya ba ki? Takalmi! Wa bai san wanda aka ba takalmi tafiya yake yi ba? Ubanku ya saya wa yayarki takalmi, yau shekara nawa ba ta taka tsibirin nan ba?"

"Umma, na ruwa ne fa."

"Ƙafa ake sa wa ko kai? Mai son mace ba ya nuna mata hanya. Ga Man-su ɗan mai sayen kayanmu, lemo yake kawowa kwali-kwali, bai taɓa kawo abin gudu ba. Shi za ki aura."

Da kanta ta mayar da takalman shagon Gi-tae. Shi kuwa don kunya ya karɓa da hannu biyu. Da Da-som ta ji ya karɓa ba musu, sai ta ɗauka ya janye. Ta tura masa saƙo:

"Ashe da sauƙi haka? An miƙo, ka karɓe. To ka riƙe har da ni."

Amsa ta zo:

"Ƙaguwata, takalmi na karɓa, ban karɓi maganar Man-su ba. Gobe ki zo bakin dutse tare da Umma. Ki ce ta taho da tsofaffin takalman iyonta."

Washegari Ok-bun ta zo fuska a murtuke, riƙe da baƙaƙen takalmanta gajeru, duk sun sha gishiri. Gi-tae ya sunkuya ya gaishe ta, ya miƙa rawayan takalmi. Guda ɗaya tak.

"Ina ɗan'uwansa?"

"Na bar shi a shago, Umma. Da takalmi ɗaya ba a gudu. Wannan na hagu ne. Ta dama kuwa tana da ƙarfi, gajeren naki ya ishe ta."

"Kai, yaron nan da ƙoshin lafiya kuwa? Ka taɓa ganin agwagwa mai ƙafa iri biyu?"

Da-som ba ta jira ba. Ta zura rawaya a hagu, baƙi a dama, ta faɗa ruwa. Daga saman dutse ana hango ta tana gangarawa, launi biyu na kaɗawa a bayanta, miƙe kamar zaren da aka ɗaura wa dutse. Ta jima. Sai ga ta ta ɓullo da fitonta daidai inda ta shiga, hannu ɗaya sama da ƙatuwar katantanwa.

Ok-bun ta daɗe tana kallo, har ta share ido da bayan hannu, ta ce iska ce.

"Ƙafa ɗaya tawa, ɗaya taka," ta ce wa Gi-tae. "In ta gudu, laifin na mu biyu ne. Ka turo iyayenka."

Da bazara ta kama aka yi biki, ƙauye ya cika har bakin ruwa. Tsofaffin masu nutso suka kewaye amarya da ango suna ta sa albarka: teku ta yi musu sauƙi, numfashinsu ya yi tsawo, kuma duk wanda ya nutsa a cikinsu ya tarar da ɗayan yana jiransa a sama.