Ban Ruwan Tsakar Rana

Bayan la'asar ranar Juma'a, Sabah ta shiga lambun bayan gida za ta yi ban ruwa, ta tarar da tushen kuɓewa uku sun langaɓe. Da safe da hannunta ta tsinke musu 'ya'ya, suna tsaye garau. Ta kira uwar mijinta ta zo ta gani. Tsohuwar, Ummu Ashraf, ko kallon ganyen ba ta yi ba. Ta durƙusa ta hau tonon ƙasa da yatsu har gwiwar hannu, ba ta samu komai ba, sannan ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Awarwarona!"

Awarwaro huɗu ne na zinariya a cikin gwangwanin alewa. Tun rasuwar mijinta ta binne su a nan, don ita ba ta yarda da akwati ba, balle banki.

Kafin ka ce me, gida ya yanke hukunci. Ba mai shiga lambun nan sai Sabah. Mamduh, autan gidan, ya buga wa wansa Ashraf, mijin Sabah, waya a Kuwait. Ashraf ya ce in magariba ta yi ba a ga kayan uwarsa ba, matarsa ta tafi gidan ubanta, yaran su zauna. Shekara tara Sabah tana wanke wa tsohuwar nan ƙafa, da waya ɗaya aka sallame ta. Wallahi har yau abin yana ba ni haushi.

A garinmu na Isna ba a kai maganar cikin gida wurin 'yan sanda, abin kunya ne. Amma ɗan sanda ya kawo kansa. Baffa Tadros, maƙwabcinsu, ya yi shekara talatin a kaki kafin ya yi ritaya. Ihun ya ji, ya shigo da sandarsa, ya ce kowa ya tsaya daga bakin lambu.

Ya ja tushe ɗaya, ya fito ba gardama. An datse babbar saiwar, an mayar da shi an tattake. Ya taɓa ƙasar da ke gefen ramin da tsohuwar ta tona: sama ta yi ɓawo, ƙasa da danshi, babu sawun kowa. Ƙananan lalon da ke gefe sun kwanta sun yi baƙi kamar an tsoma su a tukunya. Baƙin tiyo yana yashe a rana. Ya kunna famfo, ya tara hannu, ya janye da sauri.

Ya fara da mai kayan. "Ummu Ashraf, wa kika gaya wa wurin?"

"Ba kowa."

Ya juya ga Sabah. "'Yata, yaushe kike ban ruwa?"

"Da asuba, sai bayan la'asar."

"Da azahar fa?"

Duk da hawayen da ke fuskarta, sai da ta yi masa kallon wanda ya zautu. "Haba Baffa! Wa zai ba shuka ruwa rana na tsaka a watan nan? Ko da yamma sai na zubar da ruwan farko a kwata, ruwan da ya zauna cikin tiyo ai na shayi ne."

"Ina kike lokacin sallar Juma'a?"

"Kan soro, ina juya kwaɓin burodin da na jera a rana don ya tashi."

"Wa ya gan ki?"

"Allah."

"Kin san da gwangwani a nan?"

Sabah ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

"Kun gani ko!" in ji Mamduh. "Kuma jiya mai taki ya shigo, wa ya sani ko tare suka..."

"Rufe mana baki," in ji Baffa Tadros. "Mai taki jiya ya zo, kuɓewa yau ta mutu. Ni Kirista ne, ranar Juma'a aikina zama a ƙofar gida ina ƙirga masu makara masallaci. Baƙo ko ɗaya bai shigo gidan nan ba. Kai ma ka fita da tabarmi tun sha ɗaya, ka dawo cikin jama'a, jallabiyarka fara tas. Bakinka ne kawai ba wanki."

Saura Karima, 'yar gidan, malamar makaranta a birnin Luksor, wadda ta zo jiya ganin uwarta. Tana tsaye a inuwa ta harɗe hannuwa.

"Ke fa, Malama?"

"Kaina ke ciwo, ina ɗaki a kwance. Ni me ya haɗa ni da laka? Tun ina yarinya ban taɓa riƙe fartanya ba."

"Na shaida," in ji shi. "To, a dafa mana shayi."

Mutane suka dubi juna. Rana tana sauka, auren mutum yana rataye, dattijo yana neman shayi! Amma ba mai yi wa Baffa Tadros musu. Aka zauna a tsakar gida. Shi dai yana kurɓa yana kallon hannuwan mutane.

"Karima, miƙo min sukari."

Ta miƙa, hannun rigarta ya zame baya. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar ta yi ja, ga sawun farce layi-layi. Ta yi saurin rufewa.

"Sauro ne," ta ce, tun ba a tambaye ta ba.

"Sauron nan ya iya zaɓe," in ji Baffa Tadros. "Bai ciji fuska ba, bai ciji ƙafa ba." Ya nuna wata tsohuwar safa da ke rataye a ƙusa a ƙofar lambu. "Sabah, waccan ta mece ce?"

"Ita nake sa wa hannu in zan shiga kuɓewa, saboda ƙaiƙayi."

Ya ajiye kofinsa. "To ku ji. Wanda ya yi aikin nan bai san lambu ba. Ya tuge kuɓewa ya mayar, yana tsammanin za ta tsaya kamar sanda, bai san ba ta yafe wa wanda ya taɓa saiwarta ba. Ya so ya ɓatar da sawunsa, ya sakar wa wurin ruwan tiyo da tsakar rana, ya dafa lalo. Da Sabah ce, sai ta jira a cire kuɓewa ƙarshen shekara, ta ɗauke gwangwani, ba mai sani sai ranar rabon gado. Kuma ba za ta shiga da hannu tsirara ba." Ya dubi tsohuwar. "Ummu Ashraf, zan sake tambayarki. Wa kika gaya wa?"

"Bara, da na kwanta ciwo na ɗauka tafiya ce ta zo, na gaya wa Karima. Na ce in na mutu a tona, biyu nata, biyu na Sabah. Amma ai 'yata ce, Tadros."

Karima ta miƙe tsaye. "Biyu nawa, biyu na bare? Kayan uwata ne! Ni aka haifa a gidan nan!"

Aka samu awarwaron a jakarta, naɗe cikin ɗankwali. Mamduh ya zare jiki ya je lungu yana buga wa Kuwait waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Baffa Tadros ya ɗauki sandarsa ya ce shi ya gama nasa, saura na 'yan gida.

Ummu Ashraf ta tarar da Sabah a lambu, ta sa safa a hannu tana tuge matattun tushen. Tsohuwar ta daɗe a tsaye da awarwaro biyu a tafinta. Kunya ta hana ta haɗa ido da ita.

"'Yata, da Tadros ya tambaye ki zancen gwangwani, me ya sa kika yi shiru?"

"Don na sani, Umma. Shekarar da aka kawo ni gidan nan fartanyata ta buge shi. Na buɗe na gani, na mayar na rufe. Tun daga nan ba na zurfafa huɗa a wurin, don kada ki gane na sani hankalinki ya tashi."

Tsohuwar ta fashe da kuka, ta miƙa mata awarwaron. Sabah ba ta karɓa ba. Ta kunna famfo, ta karkata tiyo zuwa kwata, tana jira ruwan zafi ya wuce.

"Riƙe abinki, Umma. Shekara tara ina ba zinariyar nan ruwa safe da yamma, ba ta tsira min komai ba, ko shaidar kirki ta yini ɗaya."